Yadda Ake Shirya Daren Fasaha a Gidan Baje Kolin Zane-zanen Zamani

Yawancin gidajen baje kolin zane suna buɗewa da hantsi su rufe da la'asar sakaliya, daidai lokacin da ma'aikaci yake ofis, ɗalibi yana aji, ɗan kasuwa yana rumfa. Wannan ne ya sa manyan gidajen Turai suka ɓullo da buɗewar dare. Birnin Balin na Jamus ya fara daren gidajen tarihi a 1997. Gidan tarihi na V&A da ke Landan ya soma nasa na daren Juma'a a 1999, birnin Faris ya biyo baya da Nuit Blanche, wato daren baje kolin fasaha har wayewar gari, a 2002. A watan Oktoba na 2016 kuma gidan zane na Tate Modern da ke Landan ya fara buɗe ƙofa a Juma'ar ƙarshen wata daga ƙarfe 6 zuwa 10 na dare, shiga kyauta, ga kiɗa, ga gajeren bayani a gaban zane, ga tebur inda baƙo zai sa hannu ya ƙirƙiri wani abu da kansa. Ginin Tate Modern asalinsa tashar wutar lantarki ce, amma tsarin ba ya buƙatar katafaren gini. Gida mai ɗaki biyu da tsakar gida a Abuja, Kaduna, Kano ko Yamai zai iya ɗaukarsa.

Kafin a shiga matakai, a riƙe abu guda: daren na zanen ne. Idan mutum ɗari biyu suka zo suka sha zoɓo, suka ɗauki hoto, suka watse ba wanda ya tsaya minti biyu a gaban aiki ɗaya, to biki aka yi a ɗaki mai ado a bango. Kiɗa da abin sha aikinsu su jawo wanda bai taɓa taka ƙafa a gidan ba. Duk shawarar da za a yanke daga nan, a auna ta da tambaya biyu: za ta kai baƙo gaban zane? Za ta bar zanen lafiya har gari ya waye?

Mako shida kafin daren

Ku zagaya baje kolin da ke rataye, ku zaɓi ayyuka uku zuwa biyar da daren zai jingina da su. Daga cikinsu jigo zai fito. Idan akwai aikin da aka yi da rinin shuni, a gayyato marini ya nuna yadda ake ɗaurin adire ko zanen turi, a samo mai gurmi ko mai kukuma maimakon a kunna duk waƙar da ke tashe a gari. Idan hotunan tsohuwar masana'anta ne, a nemo wanda ya yi aiki a cikinta ya yi magana. Jigon da aka ɗauko daga waje aka liƙa wa baje kolin, baƙo yana gane shi nan take.

A wannan makon ne kuma ake rubuta wa masu ayyukan. Aikin da aka aro daga mai zane ko daga wani mai tarawa, ba a buɗe shi ga cunkoson dare sai da izininsa a rubuce, domin yarjejeniyar aro takan faɗi sa'o'in nuni da ko an yarda a ɗauki hoto. Idan gidan yana da inshora, a karanta takardar da kyau. Wasu suna ɗauke alhaki ga ɓarnar da ta auku a wajen lokacin aiki ko a taron da aka yi ciye-ciye.

Rana ɗaya a wata ta isa, kuma kada ta riƙa sauyawa. Sirrin Juma'ar ƙarshen wata a Landan shi ne mutane sun haddace ta, ba sai an yi shela kowane lokaci ba.

Mutum nawa ɗakin zai ɗauka

Nan ne mafi yawan masu shiri ke yin kuskure, saboda suna lissafi da ido. Ku ɗauko tef ɗin awo. A ce ɗakin mita 15 ne a tsawo, mita 10 a faɗi, murabba'in mita 150 ke nan. Za a bar tazarar mita 1 tsakanin mutane da bango ko'ina, sai filin ya koma 13 sau 8, wato 104. A cire wurin da sassaƙa da teburanta suka ci tare da kewayensu, a ce 14. Saura 90. Ƙa'idar gine-gine ta Ingila tana lissafa murabba'in mita 5 ga kowane mutum a ɗakin zane, 1.5 kuma a zauren baje koli. Idan aka ɗauki 1.5 don daren taro, ɗakin nan mutum 60 zai ɗauka a lokaci guda. Ba 150 ba, duk da cewa 150 za su iya tsayuwa a ciki kafaɗa da kafaɗa.

Sannan a duba ƙofa. A wannan ƙa'idar, da zarar mutane sun haura 60 sai an samu mafita biyu, kuma ƙofa mai faɗin santimita 85 ta mutum 110 ce iyaka. Ƙofar baya da aka saba kulle ta da kwaɗo dole a buɗe ta a daren, a kwashe kujeru da kwalaye daga bakinta, a tsayar da mutum a wurin.

Ba laifi baƙi su kai ɗari biyu ko fiye a tsawon daren, muddin mafi yawansu suna tsakar gida ko farfajiya. Mai tsaron ƙofar ɗakin zane yana riƙe da ƙaramar na'urar ƙirga biyu, ɗaya ta shiga ɗaya ta fita. Idan babu, a yi kati 60: wanda zai shiga ya karɓa, in ya fito ya mayar. Kati ya ƙare, layi ya tsaya. Ko shiga kyauta ce, a buɗe rajista ta WhatsApp ko intanet don a san abin da za a tarba. Da yawa cikin masu rajistar kyauta ba sa zuwa, don haka ku rubuta adadin da ya yi rajista da adadin da ya zo a kowane dare. Bayan dare uku lissafin gidanku zai fito.

Kare ayyukan

Mako biyu kafin taron, mai tsara baje kolin ya bi ayyukan ɗaya bayan ɗaya ya kasa su uku: wanda zai zauna yadda yake, wanda za a ƙara wa kariya, da wanda za a sauke ko a rufe ɗakinsa. Zanen gawayi ko na alli da ba ya cikin gilashi, tukwanen yumɓu da ke kan dogon tebur mai siririyar ƙafa, da duk abin da zai shiga aljihu, suna cikin kashi na uku sai in akwai akwatin gilashi. Firam da aka rataye a ƙusa ɗaya a sake ɗaure shi da ƙugiya biyu, ko a kafe shi da noti a bango, domin kafaɗar mai wucewa tana iya tsinko shi. Teburin sassaƙa a zuba buhun yashi a cikinsa ya yi nauyi a ƙasa.

Layin tazarar mita 1 a ja shi da tef mai kauri a ƙasa. Igiya a tsayin gwiwa tana aiki da rana, amma da dare cikin cunkoso mutum yakan ja da baya don ɗaukar hoto, igiyar ta harɗe shi ya faɗa kan abin da ake karewa. Jakar goyo kuwa a karɓe ta a ƙofa a ba da lamba. Mai ita ba ya ganin bayansa, yana juyawa yana gogar zane bai sani ba.

A rana ta ƙarshe, kafin kowa ya shigo, a ɗauki hoton kowane aiki daga gaba da kuma kusurwoyinsa huɗu, a rubuta duk tabo ko tsaga da yake da ita tun asali. Wannan takardar ce za ta raba gardama idan mai aikin ya zo ya ce an ɓata masa.

Haske. Ayyukan takarda, fentin ruwa, rinannen kyalle da tsofaffin hotuna ba a haska su fiye da luks 50 (luks ma'aunin ƙarfin haske ne). Fentin mai yana jure kimanin luks 200. Ɓarnar haske taruwa take yi, ba ta kuma gyaruwa, saboda haka awa huɗu na dare ƙari ne a kan abin da aikin ya sha da rana. Fitilun rawa masu walƙiya da launi su tsaya a waje. Masu ɗaukar bidiyo sukan zo da fitila mai zafi su kafa ta dab da zane, a hana su tun a ƙofa. Hasken tsakar gida kuma yana kiran ƙwari, musamman shinge a farkon damina. A sa fitila mafi ƙarfi can nesa da ƙofar ɗakin don ƙwarin su tafi can, a rataya labule a ƙofar. Kada a fesa maganin sauro ko a kunna igiyarsa a ɗakin zane. Haka turaren wuta, duk daɗinsa: hayaƙinsa yana kwanciya a fuskar fenti ya riƙe ƙura.

Zafi da laima. Abin da manyan gidajen tarihi suka yarda da shi ga yawancin ayyuka shi ne zafi tsakanin digiri 16 da 25, laima tsakanin kashi 40 da 60 cikin ɗari, kuma kada ta yi tsalle fiye da kashi 10 a kwana guda. Ƙaramin gida a arewa da wuya ya riƙe wannan a hunturu, lokacin da iska ke bushewa ƙarau. Amma abin da ke fasa katako ya ɓamɓare fenti shi ne saurin sauyi, kuma daren taro shi ke kawo shi. Mutum ɗaya a tsaye yana fitar da zafi kimanin wat 120, ga tururin numfashi da gumi. Mutum 60 sun ba da kilowat 7 ke nan. Na'urar sanyaya ɗaki mai ƙarfin doki ɗaya da rabi tana kwashe kimanin kilowat 3.5, ashe ana bukatar biyu ƙari a kan waɗanda ke riƙe ɗakin da rana. A kunna su awa biyu kafin a buɗe, kada a juya iskarsu kan zane, kuma kada a kashe su duka a lokaci guda da an tashi. A ajiye ƙaramin ma'aunin zafi da laima a bango, a rubuta abin da ya nuna kowace awa. Idan laima ta ɗaga da kusan kashi 10, a rage kati a ƙofa.

Sauti. Lasifika ba ta jingina da bangon da zane ke rataye a bayansa, ko da a waje take. Babbar lasifikar da ke ba da gangar ƙasa ita ce mai girgiza gini: tana sa firam ya karkace, garin gawayi ya zube daga takarda, ƙaramar sassaƙa ta yi ta matsawa har bakin tebur. A ɗora ta a kan roba mai kauri a tsakar gida, bakinta yana kallon nesa da ɗakin. Gwajin mai sauƙi ne. A ajiye kofin ruwa a kan teburin sassaƙa, a ƙure kiɗan yadda za a yi da dare. In ruwan yana rawa, a rage ko a matsar. A wurin kiɗa kada ƙarfi ya wuce desibel 85 (desibel ma'aunin ƙarfin sauti ne), wanda shi ne iyakar da kunne ke ɗauka na awa takwas, kuma duk ƙarin desibel 3 yana rage lokacin da rabi. A cikin ɗakin zane kuwa, in mutum biyu ba za su ji juna ba sai sun ɗaga murya, kiɗan ya yi yawa.

Abinci da abin sha ba sa tsallake ƙofar ɗakin zane, ko na babban baƙo ne. A ajiye tebur a bakin ƙofa don ajiye kofi. Zoɓo rini ne, in ya taɓa kyalle ko takarda ya zauna. Tsire da ƙilishi suna barin mai da yaji a yatsa, don haka a sa wurin wanke hannu da sabulu kusa da mai nama, a kuma duba inda iska ke kaɗawa kafin a ba shi wurin hura wuta.

Wutar lantarki

A ɗauka za a ɗauke wuta, a shirya a kan haka. Ku rubuta duk abin da zai ci wuta ku tara. Misali: na'urar sanyi 6 a kilowat 1.2 kowace, 7.2 ke nan. Fitilu 40 masu wat 15, 0.6, kayan sauti 1.5, majigi 0.4, firiji 0.3, butar shayi ta lantarki 2. Jimla kilowat 12. Janareta mai kVA 20 yana ba da kimanin kilowat 16, zai ɗauki wannan ya bar sarari don fizgar da na'urar sanyi ke yi in ta tashi. A wannan nauyin yana shan dizal lita 4 zuwa 5 a awa. Daga gwajin sauti zuwa kwashe kaya awa bakwai ce ko takwas, a tanadi lita 40. Shawara mafi kyau ita ce a tada janareta tun kafin a buɗe ƙofa a zauna a kansa har a tashi, domin duhun minti ɗaya da mutum 60 a tsakiyar sassaƙa ya fi kuɗin mai tsada.

Janareta ya kasance aƙalla mita 6 daga kowace ƙofa ko taga, saboda gubar hayaƙinsa ba ta da wari. A rataya fitilar caji mai kama kanta in wuta ta ɗauke a kowane ɗaki da kan kowace mafita, kowane ma'aikaci kuma da tocila a aljihu. Wayar da ta ratsa hanya a danne ta da tef. Tukunyar kashe gobara mai hoda tana kashe wuta amma hodarta tana shiga kowace kafa ta zane, saboda haka a cikin ɗakin a ajiye mai iskar CO2, mai hodar a bar ta wurin janareta.

Jadawalin daren

A garuruwan arewa magariba tana faɗuwa tsakanin ƙarfe 6 da 7 gwargwadon lokacin shekara, isha kuma bayanta da awa ɗaya da 'yan mintuna. Jadawalin da bai bar wa waɗannan wuri ba zai tarar da ɗaki wayam a tsakiyar jawabi. A shimfiɗa tabarmi, a ware ɓangaren mata, a sa butoci da wurin alwala nesa da ɗakin zane. Ana iya buɗewa ƙarfe 5 da rabi da teburin gwajin hannu, wanda ya dace da masu yara. Bayan magariba a fara zagayen bayani. Bayan isha a yi babban abin daren, waƙe ko kiɗa ko majigi, na minti 40 zuwa 50. A bar rabin awa ta ƙarshe ga kallo cikin natsuwa, kiɗa ƙasa-ƙasa. A watan azumi komai yana matsawa bayan asham.

Zagayen bayanin nan shi ne zuciyar daren, a ba shi kulawa fiye da kiɗa. Minti goma, aiki ɗaya, mutum 15 zuwa 20, a maimaita kowace rabin awa. Mai bayani ya tsaya a gefen aikin, kada ya tare shi. Ya fara da tambayar abin da mutane suke gani kafin ya faɗi sunan mai zane da shekarar aikin. Wanda bai saba da zanen zamani ba yana jin kunyar cewa bai gane ba, kuma doguwar lacca da Turanci tana ƙara masa kunyar. A yi wasu zagayen da Hausa zalla, a rubuta hakan a allon jadawali. In mai zanen yana nan, a bar shi ya faɗi yadda ya yi aikin, da me ya haɗa launi, kwana nawa ya ɗauka. Wannan yana riƙe mutane fiye da bayanin ma'ana. A dakatar da kiɗan waje a duk lokacin da za a kira zagaye, in ba haka ba babu mai barin tsakar gida.

Teburin gwajin hannu a yi shi da busassun kaya: fensir, takarda, almakashi, gam na sanda, zare. In sai an yi fenti ko rini, a waje. Aikin ya zama wanda za a gama cikin minti 15.

Mawaƙa da makaɗa a rubuta musu kuɗinsu da lokacinsu a takarda, a biya rabi tun farko. Kunna waƙar wani ko nuna fim ɗinsa a taron jama'a yana buƙatar izini a ƙarƙashin Dokar Haƙƙin Mallaka ta Nijeriya ta 2022, ko da ba a sayar da tikiti ba.

Ma'aikata, hukuma da hanyar komawa gida

Kowane ɗaki da mai lura guda, ɗakin da ke da lungu kuma masu lura biyu. Ga mutum biyu a babbar ƙofa, ɗaya a wurin ajiye jaka, ɗaya a kan janareta, ɗaya da ya iya agajin gaggawa, da shugaba guda wanda ba shi da wani aiki sai zagaye, kuma shi kaɗai ke da ikon tsayar da kiɗa ko rufe ƙofa. A sa mata cikin masu lura da masu binciken jaka. Awa ɗaya kafin buɗewa a tara kowa, a nuna musu ayyuka mafi rauni, mafita, da abin da za su ce wa mai taɓa zane. Kalma mai laushi tun hannu bai kai ba ta fi tsawa bayan ya kai. A sauya masu lura kowace awa, domin idon da ya gaji ba ya gani.

A kai takarda ofishin 'yan sanda na yankin mako biyu kafin rana, a kuma je a gaida mai unguwa da maƙwabta a faɗa musu lokacin da kiɗa zai tsaya, sannan a cika alkawarin. A Kano, Hukumar Hisbah da Hukumar Tace Fina-finai suna da ta cewa a kan tarukan nishaɗi, gara a je musu da jadawali a hannu tun da wuri.

Lokacin tashi ya danganta da abin hawa. A 2022 gwamnatin Kano ta hana adaidaita sahu zirga-zirga daga ƙarfe 10 na dare zuwa 6 na safe, kuma garuruwa da dama sukan sa irin wannan doka a kan babura. A bincika dokar da ke aiki a garin, a tashi aƙalla minti 45 kafin ta fara. A haska bakin titi, a yi magana da direbobin da aka sani su jira a ƙofa, a kuma tanadi motar da za ta kai ma'aikata gida, su da za su fita a ƙarshe.

Idan ɓarna ta auku, da washegari

In aiki ya faɗi ko wani abu ya zuba a kansa, a janye mutane, a killace wurin, a ɗauki hoto kafin a motsa komai. Kada a goge. Gogewa tana tura ruwa cikin saƙar kyalle ta kuma kwashe fenti. In ruwa ne a kan gilashin firam, a tsane shi da farin kyalle mai tsabta tun bai gangara ƙasan firam ya shiga takarda ba. Ɓarɓashin abin da ya fashe a tattara shi duka, har ƙanana, a ambulan, a rubuta sunan aikin. Kada kowa ya gwada liƙawa da gam. A rubuta lokacin da abin ya faru da yadda ya faru a daren, a sanar da mai aikin da safe.

Bayan baƙo na ƙarshe ya fita, mutum biyu su zagaya da jerin ayyuka suna ƙirgawa kafin a kulle. Ragowar abinci ta fita daga harabar a daren, don kada ta kwana ta kira ɓera da kyankyaso. Da safe a hasken rana a sake bin kowane aiki ana gwada shi da hoton jiya, a duba gefen firam da kusurwar tebur inda kafaɗa da jaka suka fi goga. Sannan a rubuta a littafi guda: mutum nawa suka shigo harabar, nawa suka karɓi katin ɗakin zane, nawa suka tsaya a kowane zagayen bayani, iyakar da zafi da laima suka kai da ƙarfe nawa, da litar man da aka ƙona. In waɗanda suka shiga ɗakin zane ba su kai rabin waɗanda suka shigo harabar ba, a wata mai zuwa a rage tsawon kiɗa a ƙara zagayen bayani.